'Yan Ajin Bida na 1962: Ina Kowa Ya Kwana?

Duk taron tsofaffin ɗalibai da na taɓa zuwa, hirar ɗaya ce. Da an gama gaisawa da tsiyar tumbi da furfura, sai wani ya zaro tsohon hoton aji daga ambulan, a yi masa rumfa, a shiga bin fuskoki da yatsa. Wannan fa? Yana Abuja, babban sakatare ne. Na gefen nan mai kunnuwa? Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Na tsugune a gaba fa? Sai wurin ya yi tsit, can wani ya ce ai rabon da a ji ɗuriyarsa tun zamanin Abacha. Abin da na lura da shi shi ne, komai girman da mutum ya yi, in dai an zo kan hoton nan, sunan da aka laƙaba masa a aji ɗaya da shi za a kira shi, kuma dole ya amsa.

Akwai wani aji a Arewa da ba sai ka je taronsu ba za ka san inda kowa ya kwana, domin labarinsu ya cuɗe da na ƙasar. Su ne yaran da suka gama Makarantar Sakandaren Lardi ta Bida, wadda daga baya aka sani da Kwalejin Gwamnati ta Bida, a ƙarshen 1962. Ajin ya fi mutum takwas, amma takwas ne sunayensu suka cika kunnen jama'a: Ibrahim Babangida, Abdulsalami Abubakar, Mamman Vatsa, Sani Bello, Garba Duba, Gado Nasko, Muhammadu Magoro da Sani Sami. Biyu sun shugabanci Nijeriya. Huɗu sun yi gwamna. Ɗaya ya hau karagar sarauta, ɗaya ya shiga majalisar dattawa. Ɗaya kuma an ɗaure shi a jikin turke an harbe shi, a lokacin da abokin ajinsa ke riƙe da ƙasar.

Ba sihiri ba ne ya tara su wuri guda. A wancan zamani kowane lardi makarantar sakandarensa ƙwaya ɗaya ce ta gwamnati da ake rububi, kuma ta Lardin Neja tana Bida. Yaron Minna da na Kontagora da na ƙasar Zuru, in dai ya ci jarrabawa, can za a tura shi da akwatinsa. Mai karatu na yau zai yi mamakin me ya kai 'yan Zuru irin su Magoro da Sani Sami makarantar Neja, tunda Zuru a Kebbi take. Ai sai a 1976, da aka ƙirƙiri Jihar Neja, aka yanke Zuru aka haɗa ta da Sakkwato, sannan ta faɗa Kebbi a 1991. Lokacin da suke yara, lardinsu ɗaya da Minna.

Shigarsu soja ma akwai dalili. Da aka samu 'yancin kai, akasarin ƙananan sojoji 'yan Arewa ne, amma hafsoshi 'yan ƙasa galibinsu daga Kudu suke, musamman Gabas. Manyan Arewa sun ga abin da ke faruwa a ƙasashen da soja ya fara leƙa fadar mulki, hankalinsu bai kwanta ba. A 1961, Muhammadu Ribadu yana ministan tsaro, aka kafa tsarin kaso wajen ɗaukar hafsoshi: rabi na Arewa, Gabas da Yamma kowacce kashi 25 cikin ɗari. Gurbi ya samu, masu cike shi ne ba su da yawa, domin yaran Arewa da suka gama sakandare 'yan kaɗan ne, kuma kowace ma'aikata tana zawarcinsu. Sai aka shiga bin makarantu ana kwaɗaita wa ɗalibai kaki. Ƙaramin ministan soja na lokacin, Ibrahim Tako, Galadiman Bida ne, ka ga kuwa makarantar garinsu ba za ta tsira ba. Babangida ya sha faɗa cewa ganin Yakubu Gowon, lokacin yana matashin hafsa, da ya zo makarantarsu tsaf cikin kaki, yana cikin abin da ya ja ra'ayinsu. A Disambar 1962, ko hutawa ba su yi ba, akasarinsu suka wuce kwalejin horar da soja ta Kaduna. Daga nan aka rarraba su, wasu Indiya, wasu Ingila.

Abdulsalami ne bai bi ayari ba. Ya fara zuwa makarantar koyon fasaha ta Kaduna, daga nan ya shiga sojan sama a 1963, aka tura shi Jamus ta Yamma, sai a 1966 ya dawo sojan ƙasa, ya zama hafsa a 1967. A soja kuwa ranar da ka samu anini ita ce ranar haihuwarka. Yaron da kuka ci tuwo kwano ɗaya, in ya riga ka da shekara uku, kai za ka ƙame masa. Haka Abdulsalami ya zama ƙanin abokan ajinsa a aiki. A riƙe wannan, zai dawo.

Wanda tarihi ya fara gwadawa a cikinsu Sani Bello ne. Yana ƙaramin laftana aka ba shi dogarin shugaban mulkin soja, Janar Aguiyi-Ironsi. Daren da aka wayi gari 29 ga Yuli 1966 yana tare da shi a gidan gwamnati na Ibadan, baƙin gwamnan Yamma, Laftana Kanar Adekunle Fajuyi, sojojin Arewa suka zagaye gidan. Ka tsaya ka auna matsayin yaron nan, bai kai shekara 25 ba. Aikinsa kare mutumin da ke saman bene. Waɗanda suka zo ɗaukar mutumin 'yan yankinsu ne, suna ɗauke da zafin kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa wata shida baya. In ya tsaya da ubangidansa ya zama maci amanar gida, in ya kauce ya zama maci amanar aiki. An tafi da Ironsi da Fajuyi, ba su dawo ba. Bello ya fita da ransa, ɗan'uwansa dogari na sojan sama, Andrew Nwankwo, shi ma ya kuɓuta. Ni dai ina ganin wanda ya kwana a gidan nan a daren nan ba zai ƙara kallon kujerar mulki da idon da sauran abokansa ke kallonta ba.

Yaƙin basasa ya ɗebe su gaba ɗaya. Babangida ya ji rauni a 1969 a wajejen Uzuakoli, kan hanyar Umuahia. Da ya samu sauƙi, a Satumbar shekarar ya auri Maryam, babban abokin ango kuwa Mamman Vatsa ne. Duk Bahaushe ya san ba a ba kowa wannan matsayi. Shi ne ke riƙe kuɗin ango, shi ke sayen baki, shi ya san abin da aka ranto da abin da aka ɓoye wa dangi. Su biyun tun suna yara a Minna suke tare, suka tafi Bida tare, suka shiga soja rana ɗaya.

Daga 1975 sai aka shiga rabon muƙamai, kuma ajin ya kwashi kaso mai tsoka. Murtala ya tura Sani Bello Kano, ya yi gwamna har 1978. Babangida ya shiga Majalisar Ƙoli ta Soja, sunansa ya fito sosai ranar 13 ga Fabrairu 1976 da ya je gidan rediyo na Ikoyi ya tarwatsa Dimka da mutanensa, masu yunƙurin juyin mulkin da aka kashe Murtala. A 1978 Obasanjo ya ba Nasko Sakkwato, ya ba Duba Bauci, Magoro ya riƙe sufuri. Amma shekarar da za ka fi ganin abin a fili ita ce 1984, zamanin Buhari. Babangida ne babban hafsan sojan ƙasa. Vatsa ministan Abuja. Magoro ministan cikin gida. Duba yana gwamna a Sakkwato, kujerar da Nasko ya taɓa zama. Sani Sami yana gwamna a Bauci, kujerar da Duba ya taɓa zama. Kamar masu canjin benci a aji.

Har zuwa nan zumuncin aji riba ne zalla. Kowa yana da na kira in abu ya cije, kowa ya san halin kowa tun ba a fara aske gemu ba. A aikin da juyin mulki ya zama hanyar hawa, babu jarin da ya kai ka san wanda za ka gaya wa magana ta kwana a cikinsa. Amma duk wannan yana tafiya ne muddin kafaɗa ɗaya ake. Ranar 27 ga Agusta 1985, ana cikin hidimar babbar sallah, ɗaya daga cikinsu ya haye sama da kowa, har ya kira kansa Shugaban Ƙasa, laƙabin da babu sojan da ya taɓa ɗauka kafin shi.

Vatsa yana aikin hajji aka yi juyin. Da ya dawo, Babangida ya bar masa kujerarsa ta Abuja, yana kuma cikin majalisar mulkin soja. Wata huɗu kacal, a Disambar 1985, aka sanar cewa an bankaɗo shirin kifar da gwamnati, aka kama hafsoshi da dama, babbansu Vatsa. Kotun soja ƙarƙashin Manjo Janar Charles Ndiomu ta zauna. Babban abin da aka riƙe a kansa shi ne naira dubu goma da ya ba Laftana Kanar Musa Bitiyong. Masu tuhuma suka ce kuɗin shirya juyin mulki ne, shi ya ce rance ne na gona. Aka yanke masa hukuncin kisa.

Vatsa ba soja ne kawai ba, marubucin waƙoƙi ne, ya wallafa littattafai da yawa, na yara da na manya, har da na Turancin buroka. Yana minista ya karɓi baƙuncin taron ƙungiyar marubuta ta ƙasa a Abuja, ya ba su fili. Shi ya sa a farkon Maris 1986 manyan marubutan ƙasar uku, Chinua Achebe da Wole Soyinka da J. P. Clark, suka ɗunguma zuwa Barikin Dodan, fadar gwamnati a Legas, roƙon a yi sassauci. Mutum uku da ba kasafai ake ganinsu a inuwa ɗaya ba, suka zauna gaban janar mai shekara 44 suna roƙonsa ran abokinsa. An karɓe su hannu bibbiyu, sun fito da kyakkyawan zato. Zaton bai daɗe ba. Ranar 5 ga Maris aka harbe Vatsa da wasu hafsoshi tara a gidan yarin Kirikiri na Legas, ministan tsaro Domkat Bali ya gaya wa ƙasa bayan an riga an gama. Vatsa yana da shekara 45. Shekaru da yawa bayan haka Bali da kansa ya faɗa a wata hira cewa har lokacin bai gamsu hujjar da aka tara a kan Vatsa ta isa a kashe shi ba.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari a matsayin labarin 'yan aji, ba labarin soja kawai ba, shi ne bayanin da Babangida ya yi a littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Abuja a Fabrairun 2025. Ya kare hukuncin, ya ce dokar soja a kan juyin mulki a fili take, kowane hafsa ya san ta, kuma an sa shi zaɓi ne tsakanin aboki da ƙasa. Wannan kowa ya zaci zai faɗa. Amma bai tsaya nan ba, sai ya koma Bida. Ya ce gasa tsakaninsu tsohuwa ce, tun da aka naɗa shi shugaban ɗalibai Vatsa ba ya son bin umarninsa. Dattijo mai shekara 83, wanda ya mulki ƙasa shekara takwas, yana bayanin mutuwar da aka yi kusan shekara 40, amma sai da ya jawo rigimar shugaban ɗalibai ta 1962. Vatsa ba ya nan balle ya faɗi nasa, kuma iyalinsa ba su taɓa yarda da wannan bayani ba. Ko ma wane ne mai gaskiya, maganar ta tona wani abu da duk wanda ya yi makarantar kwana ya sani: wanda ya gan ka ana yi maka bulala a filin taro, ya ji ka kana kukan gida a daren farko, ba zai iya ganin kwarjininka yadda bare ke gani ba. Kai ma da ka hau sama ka san ba ya gani. Ko gaisuwarsa ce ta zo a gajarce sai ka auna ta. A ofishin gwamnati irin wannan yana ƙarewa ne a canjin wurin aiki ko hana ƙarin girma. Su a wurinsu akwai bindiga a kan tebur.

Sauran kowa ya kama gabansa. Magoro ya tuɓe kaki bayan faɗuwar gwamnatin Buhari, ya shiga harkar kamfanoni, daga baya ya wakilci Kebbi ta Kudu a majalisar dattawa daga 2011 zuwa 2015. Sani Sami ya yi ritaya yana manjo janar, ya koma gida aka naɗa masa rawanin Sarkin Zuru. Duba ya shugabanci makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ya kai laftana janar. Nasko kuwa a 1989 aka ba shi ministan Abuja, kujerar marigayi Vatsa, kuma shi ke kai ranar 12 ga Disamba 1991 da Babangida ya taso da fadar gwamnati daga Legas. Ɗan aji ɗaya ya yi wa birnin hidima yana daji, na biyu ya karɓi baƙi ranar tarewa, na uku ya tare. Da Abacha ya karɓi mulki a 1993 Nasko ya tattara nasa ya koma ƙauyensu, ba a ƙara jin bakinsa a siyasa ba.

Mutum biyu ne nake ganin sun fi cancantar a duba su da kyau, domin su ne suka fi nisa da tseren.

Sani Bello ya bar soja tun 1979, yana kanar. A idon masu ƙirga taurari shi ne na baya a ajin, kowa ya wuce shi, har Abdulsalami da ya zo a makare. Amma duk juyin mulkin da aka yi daga 1983 zuwa sama, da kame-kame da kotunan soja, ba su same shi cikin kaki ba. Ya shiga kasuwanci, ya taɓa mai, ya taɓa sadarwa, ya zama shugaban kamfanin Mainstream da ya karɓi tafiyar da tashoshin lantarki na Kainji da Jebba a 2013. Ɗansa Abubakar ya yi gwamnan Neja daga 2015 zuwa 2023, daga nan ya wuce majalisar dattawa. Matar gwamnan, Dakta Amina, 'yar Abdulsalami ce. Wato zumuncin da aka fara a ɗakin kwanan ɗalibai ya koma surukuta, jikokin su biyun ɗaya ne. Ba na cewa Bello ya hango duk wannan ne ya fita da wuri. Amma fitar ta sa bai taɓa zama barazana ga kowa a cikinsu ba, shi ya sa ƙofar kowa a buɗe take gare shi.

Abdulsalami kuma makararsa ce ta yi masa rana. Lokacin da abokansa ke gwamna da minista, shi yana bariki, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa riƙe muƙamin siyasa ba. Da guguwar 1993 ta kwashe manyan da ke gabansa, har da abokan ajinsa, sai ya tsinci kansa a kujerar babban hafsan tsaro. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, washegari aka rantsar da shi. Mulkinsa bai rasa tabo ba, a tsare a hannun gwamnatinsa Abiola ya rasu ranar 7 ga Yuli. Amma ya sa rana, ya kuma cika: 29 ga Mayu 1999 ya miƙa wa Obasanjo, bai cika shekara guda ba. Abokinsa Babangida ya yi shekara takwas, ya yi ta ɗage ranar miƙa mulki, ya soke zaɓen 12 ga Yuni, ya sauka cikin matsi a Agustan 1993, kuma sai a taron ƙaddamar da littafin nan na 2025 ya amsa a bainar jama'a cewa Abiola ne ya ci zaɓen. Ya nemi dawowa ta akwatin zaɓe, a 2010 kwamitin Adamu Ciroma na fidda wa Arewa ɗan takara ɗaya ya zaɓi Atiku ya bar shi. Shi kuwa mai wata goma sha ɗaya, shi ake ta kira sasanci: tattaunawar Laberiya a Akra a 2003, kwamitin zaman lafiya da ke sa 'yan takara su sa hannu tun zaɓen 2015, da tafiya Yamai tare da Sarkin Musulmi bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Yau Babangida da Abdulsalami a Minna suke, a kan tudu, gidajensu ba nisa. Duk mai neman shugabancin ƙasa in ya shiga garin sai ya hau ya gaida wannan, ya gangara ya gaida wancan, a ɗauki hoto a falo. Maryam, matar Babangida, ta rasu tun Disambar 2009. Duba ya rasu a 2024, Sarkin Zuru ya bi shi a 2025. Masu bin hoton ajin da yatsa sun fara yawan cewa Allah ya jiƙan rai.

Filin da Vatsa ya ba marubuta yana Mpape a Abuja, an gina shi, sunansa ne a ƙofar. A Oktobar 2025 Shugaba Tinubu ya yi masa afuwa, shekara 39 bayan Kirikiri, bayan an kai batun gaban Majalisar Magabata ta Ƙasa. Tsarin mulki ya ba duk tsohon shugaban ƙasa kujera a wannan majalisa, saboda haka cikin mambobinta akwai mutum biyu 'yan ajin Bida na 1962.